Yawon Rumsiki: kuɗin ganin tsauni muka biya, ƙura muka sha

Har yau in na tuna ranar Asabar ɗin nan sai zuciyata ta tafasa. Dubu talatin na sefa ba ganyen bishiya ba ne, amma wallahi asarar kuɗin ba ta dame ni kamar kunyar da aka ba ni a gaban Kawuna ba.

Kawu ya zo Marwa, a arewacin Kamaru, daga Garwa don sunan ɗana. Dattijo ne da ya haura saba'in, kuma da ƙuruciyarsa ya yi fatauci tsakanin Mubi da Mokolo. Tun muna yara yake ba mu labarin duwatsun Mandara, yana cewa rabonsa da su an fi shekara arba'in. To sai ga takardar talla ta wasu masu shirya yawon buɗe ido: bas mai sanyi, jagora "masanin tarihi", abincin rana, a je Jingiliya ta hanyar Koza, a ga kufayin Diy-Gid-Biy, a ƙarasa ƙauyen Rumsiki mai tsinin duwatsu, a dawo kafin magariba. Mutum ɗaya dubu goma sha biyar. Na ce to, ga abin da zan yi wa tsohon nan kafin ya koma.

An ce ƙarfe 6 za a tashi. Muna idar da sallar asuba muka nufi wajen, Kawu har da sabuwar babbar riga. Mota ba ta zo ba sai wajen 9 saura. Kuma wace mota? Wata tsohuwar kosta da tagoginta biyu ba sa rufuwa, ga sanyin hunturu, ga ƙura. Sanyin da aka yi mana alkawari ke nan, na Allah ne ba nasu ba. Kafin mu fita gari direba ya tsaya sau uku yana ɗaukar fasinjan Mokolo, har da buhunan albasa da aka jera a tsakanin kujeru. Na yi magana, yaron mota ya ce, "Malam, ai ba kujerarka muka ɗauka ba." A shingen jandarma kuma kowa ya miƙa katin shaidarsa lafiya lau, takardun motar ne ba su cika ba. Rabin awa muna zaune direba yana ba da haƙuri a bayan rumfa.

Tsakanin Marwa da Mokolo kilomita wajen 80 ne, kan kwalta. Ba mu isa ba sai rana ta take tsaka. A nan ne jagoran, wani matashi mai baƙin tabarau da bai ɗaga kai daga waya ba tun safe, ya miƙe ya ce an soke zuwa Koza "saboda tsaro".

Saboda tsaro! Yau aka fara maganar tsaro a yankin nan? Tun watan Fabrairu na 2013 da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga, Turawa suka ɗauke ƙafa, kowa ya san halin da ake ciki a bakin iyakar Najeriya. Ranar Alhamis da kuka karɓi kuɗina ba ku sani ba? Gaskiyar magana ita ce tun farko ƙarya aka rubuta a takardar. Koza na arewa da Mokolo, Rumsiki na kudu maso yamma, kilomita 55 a kan hanyar da ba kwalta, duk duwatsu da kwazazzabai. Duk wanda ya taɓa bin hanyar ya san ba a haɗa su a yini ɗaya da irin wannan mota, balle an tashi da hantsi. Sun jera sunayen ne kawai don a biya.

Abin da ya ƙara tunzura ni, wata ɗaliba ta tambaye shi wane ne ya gina Diy-Gid-Biy ɗin da ba za mu gani ba. Bai ko yi jim ba ya ce Jamusawa. Jamusawa! Mutanen da ba su kama Marwa ba sai 1902. Gine-ginen nan na dutse ne zalla da aka jera ba laka ba siminti, tsakanin ƙarni na 12 da na 17, wurare 16 ne, kuma a 2025 UNESCO ta saka su cikin wuraren tarihi na duniya. Sunan ma da harshen Mafa ne, yana nufin kufan gidan sarki. Kakannin mutanen ƙasar nan suka ɗora dutse kan dutse, kai kuma da ake biya don ka faɗa mana, ka ɗauka ka miƙa wa Bature kyauta. Kawu ya dube ni, bai ce komai ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Mun wuce Mogode kaɗan taya ta fashe. Wannan kam ƙaddara ce, tana samun kowa. Amma safaya ba iska, jak babu, sai da aka tare mai babur aka aike shi ya nemo mai faci. Awa biyu a rana. A nan aka raba "abincin rana": burodi da gwangwanin sadin ɗaya mutum uku, da ruwan leda da ya yi ɗumi kamar na wanka. Ruwan alwala babu, taimama muka yi muka sallaci azahar a gefen hanya.

Abin mamaki, wannan zaman ne kaɗai ya zama yawon tarihi a ranar. Kawu ya zauna a gindin bishiya, yara suka kewaye shi. Ya nuna musu yadda aka datsa jikin tsauni da dutse hawa-hawa don ruwa kada ya tafi da ƙasa, ana noma dawa da gero a inda kai za ka ce akuya ma ba ta tsayawa. Ya ce musu mutanen nan ba don sha'awa suka hau tsauni ba, gudun masu kamun bayi ne, ya kawo sunan Hamman Yaji na Madagali da Turawan Ingila suka tuɓe a 1927. Ya ce ƙabilar Kapsiki ta nan da Higi na wajen Michika a Najeriya dangi ɗaya ne, iyaka ce ta raba su. Wata tsohuwa ta fito daga gidajen da ke kusa da ƙwaryar ruwa, ta ba Kawu, ta ƙi karɓar ko dala. Jagoranmu kuwa yana cikin mota ya rufe fuska da hula yana barci.

Rumsiki sai bayan la'asar. Ga tsinin duwatsun nan sun soke sama, tsohon dutse mai aman wuta ne da iska da ruwa suka cinye gefensa suka bar tsakiyar, babban cikinsu mita 1,224 sama da teku. Ko cikin hazo abin ya isa a tsaya a ce tubarkalla. Minti arba'in aka ba mu. A cikin arba'in ɗin ma jagora ya kora mu kamar tumaki zuwa wajen mai duba da ƙaguwa, wanda ke saka ta cikin tukunya da yashi da 'yan itatuwa, daga nan sai rumfar kayan saƙa da na tagulla guda ɗaya tak da shi ya zaɓa. Ban ga laifin mutanen garin ba, sana'arsu ce da al'adarsu, kuma shekaru sun yi baƙi sun yi ƙaranci. Amma wa ya tambaye mu? Kawu ya ce, "Ɗana, ni ba duba na zo yi ba, kai ni bakin kwarin can in leƙa." Mun yi rabin hanya direba ya fara danna oda.

Sai dawowa. Mutanen da suka hana mu Koza da rana tsaka saboda tsaro, su ne suka biyo da mu hanyar da ke kusa da iyaka cikin duhu, fitilar mota ɗaya ce ke kamawa, mata na ta salati a baya. Ƙarfe 11 na dare muka shiga Marwa, gemun Kawu ya koma ja don ƙura, babbar rigar kuwa kada a yi magana.

Ranar Litinin na je ofishinsu da takardar tallar a hannuna. Na nuna wurare biyu da ba a kai mu ba, na ce a mayar mini da ko rabin kuɗina. Yarinyar da ke zaune ta ce maigidan ya yi tafiya. Na koma Laraba, an ce hanya ce, hanya kuma ba su suka yi ta ba. Na tambaye su, in da Bature ne ya biya, da wannan kostar za ku ɗauko? Da albasa za ku loda masa a ƙafa? Sai suka hau kallon juna. Ina fitowa na ga sun liƙa sabuwar takarda a ƙofa, Asabar mai zuwa, wurare ukun nan dai, farashin nan dai.

Da na raka Kawu tasha zai koma Garwa, na shiga ba shi haƙuri. Ya ce, "Bar shi, ɗana. Ai na ga dutsen." Ya yi shiru, sannan ya ƙara da cewa da jaki suka bi hanyar nan a zamaninsu, kuma ba su taɓa rasa ruwan alwala ba.