Kun manta da tsohon St Ives

Na ji daɗin wannan labari naku kan zane-zanen tashoshin jiragen ruwa na Birtaniya a farkon ƙarni na 20, amma kun tsaya kan waɗanda suka yi makarantar zane, kun bar Alfred Wallis, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Mutumin nan a teku ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya koma sana'ar gwangwan a garin St Ives da ke Cornwall. Bai fara zane ba sai bayan rasuwar matarsa a 1922, yana dab da shekara 70, don ya ɗebe kewa. Kwalin da masu kanti suka yar yake samu, ko gefensa a karkace yake haka zai bar shi, ya shafa fentin jirgin ruwa. Ku duba zanensa da kyau: tashar kamar daga sama ake leƙenta, jirgi ya fi gida girma, wani wurin ma launin kwalin ne ya zama yashi. Jiragen filafilai da ya sani da, waɗanda masu inji suka kora, su yake zanawa daga ka.

A 1928 wasu masu zane biyu, Ben Nicholson da Christopher Wood, suna wucewa suka hango zanensa ta ƙofa, an kafe su da ƙusa a bango. Sunansa ya kai Landan, shi kuwa a gidan gajiyayyu na Madron ya rasu a 1942. Don Allah in za ku sake rubutu, ku sa hotunan aikinsa da ke gidan adana zane-zane na Kettle's Yard a Kambirij.