Kai mai jiran miliyan biyar kafin ka fara sana'a, zo mu yi magana

Jiya da daddare a majalisa wani ƙanenmu yake ce min wai shi fa sana'ar abinci yake so ya shiga amma sai ya samu miliyan biyar, saboda sai ya kama shago a bakin babban titi, a sa masa tayil da AC, ya sayi janareta da firiza, a buga masa allo mai wuta da sunansa a jiki. Na ce to malam ka taɓa dafa wa mutum goma abinci suka ci suka ba ka kuɗi? Ya ce a'a. Shekara uku kenan da ya gama bautar ƙasa, kuɗin data ma wallahi Hajiya ce ke tura masa.

Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin wasu miji da mata a Amurka, Carl Karcher da matarsa Margaret. Shi Carl ɗin ko sakandare bai yi ba, a aji takwas ya ajiye karatu, ya baro jiharsu ta Ohayo ya koma Kalifoniya, ya zama direban motar raba burodi. A wajen rabon ne ya lura da masu 'yan kekunan abinci na bakin titi da yake kai wa burodi, kullum sai sun karɓa kullum kuma sai ya ƙare, ya ce ashe akwai kuɗi a nan. A watan Yulin 1941 suka jinginar da motarsu ƙirar Plymouth aka ba su dala 311, suka haɗa da dala 15 da ke hannunsu, suka sayi keken tura abinci guda ɗaya a wata mahaɗar titi a Los Anjalis suna sayar da burodi mai nama a tsakiya da lemon kwalba. Cinikin ranar farko dala 14 da santi 75, ko dala 15 bai cika ba.

Kafin wani ya taso min a kan bashi, ni ban ce kowa ya je ya ci bashin ruwa ba, mu muna da adashi, muna da 'yan uwa, kuma wayar da ke hannunka ma in ka sayar ka sayi ƙarama ragowar ya isa tebur da kasko da risho.

Abin da ya fi burge ni a labarin ba kuɗin ba ne. Mutumin nan bai ajiye aikin burodinsa a ranar da ya sayi keke ba, ya ci gaba da rabonsa ana tsare keken, riba ta taru suka ƙara wani keken, suka sake ƙarawa, sai a 1945 suka buɗe gidan abinci na zama a garin Anahaim. Sunan da duniya ta san su da shi yau, Carl's Jr., mai tambarin tauraro ruwan ɗorawa yana murmushi, sai a 1956 ya fito, shekara 15 bayan keken farko. Kai kuma allon kake so ka fara bugawa tun ba ka san kofi nawa ake samu a mudun shinkafa ba. Kuma duk wannan suna yi suna renon yara, 'ya'ya 12 Allah ya ba su.

Kar ka ce ai can Amurka ce. A bakin layinmu akwai wani bawan Allah da ya fara da teburin shayi, benci ɗaya da butar ƙarfe, matarsa tana soya awara a cikin gida yaro yana fito masa da ita a roba mai murfi. Na sha ganinsa bayan sallar isha'i yana zaune da wani ɗan littafi duk ya sha mai, yana rubuta ƙwai nawa aka fasa, indomi nawa ta fita, wa ya ci bashi, kuma gwangwanin madara biyu ne a ƙasan teburin, ɗaya na uwar kuɗi ɗaya na riba, na uwar kuɗin nan ko gobara ake ba ya taɓa shi. Yanzu rumfa ce da kwano, yara uku ke masa aiki, da rana shinkafa da wake da ɗanwake daga hannun matar, 'yan adaidaita sahu har layi suke. Mu da muke masa dariya a lokacin muna cewa da difilomarsa ya ƙare a mai shayi, yanzu mu ne muke cewa rubuta min zuwa ƙarshen wata.

Sai ku magidanta matasa, ku ne ma na fi so ku ji. Matarka ta fara 'yar sana'arta, tana yin masa ko alala ko zoɓo tana ɗorawa a sitatus ana saye, kai kuma ka mayar da robar kuɗinta bankinka, yau ara min dubu biyu in sa mai, gobe ara min zan biya, ba ka taɓa biya ba, bayan wata uku jari ya karye ka koma kana cewa ai mata ba su iya riƙe kuɗi ba. Haba malam, ji tsoron Allah. Kuɗinta nata ne, cefane naka ne, in ka ara ka rubuta ka biya. In kuma tare za ku yi to ku zauna tun farko a san wa ya sa nawa, wa ke dafawa, wa ke zuwa kasuwa sayo kaya, yaya za a raba riba, don yawancin rigimar da ke kashe irin wannan sana'a ba daga kwastoma take zuwa ba, daga cikin ɗaki take tashi. Ke ma 'yar uwa, ranar da aka yi ciniki mai kyau ba ranar ɗinka ankon biki ba ce.

Sannan tsafta, dan Allah. Mutum zai yafe maka in gishiri ya yi kaɗan, amma ya ga ƙuda a miya ko ya ga ruwa ɗaya kake wanke kwanuka da shi tun safe ya koma kamar kunu, ba zai ce maka komai ba, kawai ba za ka sake ganinsa ba kuma sai ya faɗa wa mutum biyar.

Shi dai ƙanen namu na ce masa akwai tsohon tebur a zauren gidanmu da kaskon da ba a amfani da shi, ya zo ya ɗauka ranar Asabar, kiret ɗin ƙwai na farko ni zan saya masa. Ya ce zai yi shawara. Har yanzu teburin yana zaure, na dai goge masa ƙura.