Wata huɗu ina jiran baƙi, ashe ni na kulle ƙofar

Wallahi har yau in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Shafi na buɗe a intanet ina koya wa mutane ƴan gyare-gyaren waya, batir na saurin zuƙewa, caji ba ya shiga, irin waɗannan dai, na ɗora shi a WordPress, manhajar gina shafin intanet, na naɗe hannu ina jiran Google ya kwaso min jama'a. Sati uku shiru kake ji. In na leƙa ƙididdigar masu shiga sai in ga mutum biyu, kuma duk na san su, ni ne a waya da kuma ni a kwamfuta.

Nan fa na zama malamin SEO na dare ɗaya, wato dabarun sa shafi ya fito sama a sakamakon binciken Google. Na ji an ce kalmar da mutane ke nema ita ake sawa a rubutu, na ce ai abin ya zo gidan sauƙi. Rubutu ɗaya na cusa "gyaran waya" sau 43, da kaina na ƙirga. Ga ɗanɗano: "Idan kana neman gyaran waya, gyaran waya mafi kyau shi ne gyaran wayar da mai gyaran waya ya gyara." Ni kaina da na karanta sai da numfashina ya ɗauke. Ban ma tsaya nan ba, can ƙasan shafin na sake jera ta da farin rubutu a kan farin bango, wai mutum ba zai gani ba amma injin bincike zai gani, ina ta hura hanci ni a dole na gano abin da babu wanda ya taɓa ganowa, ashe tsohuwar dabara ce da Google ya daɗe yana hukunta shafuka a kanta. Dare biyu cur kuma na kashe ina cika gurbin meta keywords, wani ɓoyayyen wuri da ake jera wa injin bincike kalmomin shafi, alhali tun 2009 Google ya fito fili ya ce ko kallon wurin ba ya yi wajen jera sakamako.

Sai ga wani bawan Allah ya turo min saƙo wai zai samo min linki dubu biyar cikin kwana uku, wato a liƙa adireshin shafina a wasu shafuka don Google ya ɗauka ni wani ne. Jiki na rawa na biya. Da na bi sawu sai na tarar da sunan shafina a rataye ƙarƙashin tallan caca da na maganin rage tumbi, cikin yarukan da ko haruffansu ban taɓa gani ba. Saboda irin wannan aikin fa Google ya fito da Penguin, tsarinsa na kama linkin bogi, tun 2012, ni kuwa na kai kaina da ƙafata. Hotuna ma haka, daga kyamara kai tsaye nake lodawa, kowanne ya kusa megabait 6, kafin shafi ya buɗe ka yi hamma biyu ka manta abin da ya kawo ka.

A wata na huɗu ƙanwata da ke karatun kwamfuta ta gaji da ƙorafina ta karɓi na'urar. Ta rubuta site: haɗe da adireshin shafin a Google, don ta ga shafukana nawa ya sani. Wayam, ko guda.

"Yaya, kai fa ba a ƙasa kake ba, ba ka ma cikin layin gaba ɗaya."

Ta shiga saiti ta nuno min wani ɗan akwati da aka sa wa alama, wanda ke roƙon injunan bincike kada su saka shafin a sakamakonsu. Ta ce shi ke manna noindex, wato umarnin "kar a saka ni", a kowane shafi. "Wa ya danna wannan?"

Na ce ƙila haka yake zuwa. Ta zuba min ido ba ta ce uffan ba. Sai a lokacin na tuna, ranar farko ni na danna shi da hannuna don kada a ga shafin ban gama shirya shi ba, na ce gobe zan cire.

Ta cire alamar, ta tura taswirar shafin, wato jerin duk shafukana, ta Search Console, dandalin da Google ya tanada wa masu shafuka, na fara washe baki. Ta ce, "Kar ka yi saurin murna Yaya, yanzu ne fa za su shigo su ga farin rubutun nan naka da gyaran waya 43."

Gabana ya faɗi. Na ce don Allah ta mayar da alamar tukuna in share ɓarnar, zan cire da kaina.

Ta ce, "Yaushe? Gobe?"