Samarin kirifto, ku daina miƙa kalmomin nan 12

Jiya bayan la'asar wani ƙanenmu ya zo majalisa riƙe da laftof, idonsa jajir, ya buɗe mana walet ɗinsa, wato manhajar da yake ajiye kuɗin kirifto, wayam. USDT ɗin da yake tarawa na lefe, wato kuɗin kirifto mai darajar dala, duk sun tafi. Wai wani admin ne a Telegram ya ce masa walet ɗin ta samu matsala, ya turo linki, shafi ya buɗe da tambarin manhajar walet ta MetaMask sak, aka ce rubuta kalmominka 12 a gyara maka. Shi kuwa ya zauna ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa.

Haba jama'a! Kalmomin sirrin nan 12 da ake ba ka ranar da ka buɗe walet su ne makullin shagonka, duk wanda ya riƙe su zai buɗe walet ɗinka a tasa kwamfutar ko yana Rasha ne, ba ya buƙatar fasawod ɗinka ko wayarka. Babu wani kamfanin gaskiya da zai tambaye ka su, babu! Kuma nan ba banki ba ne da za ka je ka yi layi ka cike fom, kuɗi in suka fita sun fita.

Amma kullum sai an miƙa. Wannan an ce masa ya ci kyautar kuɗin kirifto, ya miƙa. Wancan ya ɗauke su hoto ya bari a galari, ko ya tura wa kansa a WhatsApp wai don kar ya manta. Wani kuma ya rubuta su a fayil ya ajiye kan allon kwamfuta, sannan ya je ya sauko da manhajar da aka fasa, ko a loda masa wasan ƙwallo da filashin da ya zaga rabin kasuwar waya ta Farm Centre, alhali irin waɗannan su ake ɓoye ƙwayar cutar kwamfuta a ciki, ta kwashe fayil da fasawod ɗin da ke birawuza ta aika wa mai ita kana zaune kana shan shayi. Akwai ma wadda take jira ka kwafi adireshin walet ɗin da za ka tura wa kuɗi ta musanya shi da na ɓarawo, kai kuma saboda gaggawa ko haruffan farko da na ƙarshe ba za ka duba ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa wallahi, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ga ƙarya kuma, yaro ya samu dala 200 sai ya ɗora a sitatus yana kiran kansa babban yaro, kai da kanka kake yi wa ɓarayi sallama. Bybit, babban kamfanin saye da sayar da kirifto, da duk ma'aikatansu an kwashe musu kusan dala biliyan 1.5 a Fabrairun 2025, balle kai da laftof ɗin gwanjo. An ga MMM a 2016, an ga CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka tafi da kuɗin jama'a, har yanzu ba mu ji a jikinmu ba.

Ɗan'uwa, rubuta kalmominka a takarda ka adana inda kai kaɗai ka sani, ka nutsu, ka rage son na ɓagas.

Abin da ke ƙona min rai, iyayenmu a Kwari da Kurmi sun juya dukiya shekara da shekaru, ko abokin cin tuwonsu bai san abin da ke cikin lalitarsu ba, kafin su ba ka bashin yadi goma sai sun san gidanku da wanda ya haife ka. Yau jikokinsu ne ke miƙa sirrin dukiyarsu ga wanda ko muryarsa ba su taɓa ji ba, don kawai ya saka hoton Bature da kwat ya ce musu sannu.