Kai ƙaninka mai nakasa makaranta, doka tana bayanka

'Yan uwa matasa, idan aka kai yaro kurma ko makaho ko mai keken guragu makaranta, shugaban makaranta ya dube shi ya ce "ba mu da wurin irin waɗannan", yawancinmu haƙuri muke bayarwa mu juyo gida. Wasu ma har godiya suke yi. Wannan juyowar ita ke cin raina, domin karatun yaron nan haƙƙinsa ne, a rubuce yake, kuma gwamnatoci sun sa hannu a kai.

A watan Disamban 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin masu nakasa, ta fara aiki a 2008, yanzu ƙasashe sama da 180 sun amince da ita. Sashe na 24 ya ce kada a fitar da yaro daga karatun firamare na kyauta kuma na dole, ko daga sakandare, saboda nakasarsa. Ya ce dole ne a yi gyaran da ya dace da buƙatarsa. Ya ambaci rubutun makafi da maganar hannu ta kurame, ya kuma nemi a ɗauki malamai masu iya su, har da malaman da su kansu ke da nakasa. Wato idan matakala ce ta hana yarinya shiga aji, matakalar za a gyara, ko a sauko da ajin ƙasa.

Amma takarda ba ta kai kanta ofis. A Amurka iyaye ne suka shigar da ƙara a jihar Pennsylvania a 1971, wasu a birnin Washington inda kotu ta yanke hukunci a 1972, kafin majalisar ƙasar ta yi dokar ilimin yara masu nakasa a 1975. A lokacin yara masu nakasa kusan miliyan ɗaya ne ke zaune a waje, makarantun gwamnati sun rufe musu ƙofa. Da iyayen nan sun yi shiru, da ba a yi dokar a lokacin da aka yi ta ba.

Mu kuma laifinmu ya fi na shugaban makaranta zafi. Mu ne muke kulle ƙaninmu a ɗaki idan baƙi sun zo. Mu ne muke cewa "me zai yi da karatu?" alhali shi ne ya fi kowa a gidan buƙatarsa, tunda ƙarfin jiki ba zai ciyar da shi ba ranar da babu iyaye.

Kai da kake karatu, nemo dokar ƙasarka kan masu nakasa ka karanta wa Baba da Inna ita. Idan an ƙi karɓar yaro, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, ka ajiye kwafi, ka kai hukumar ilimi ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Ke kuma da ƙanwarki kurma ce, koyi maganar hannu tun yanzu, don idan ta dawo daga makaranta ta sami wadda za ta faɗa wa abin da malam ya koya musu, da wanda ya tsokane ta a hanya.