Manhajoji ne ke kai mu kasuwa, ko dole ake yi mana?

A da can, babu gardama cewa sabuwar manhaja ce ke sa mutane neman kwamfuta mai sauri. Da Windows 95 ta fito, tsofaffin injina da dama sun gaza ɗaukarta yadda ya kamata, kamfanin Intel kuwa ya yi cinikin Pentium, furosesarsa (na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi), son ransa. A shekarar 2000 furosesar kamfanin AMD ta kai saurin gigahaz 1, a 2004 Pentium 4 ya kai 3.8, daga nan zafi da cin wuta suka taka wa tseren birki, aka koma haɗa ƙwaƙwalwa biyu ko huɗu a cikin furosesa guda.

A ganina, yau zancen ya sha bamban, domin yawancin aikin da muke yi a intanet ba na'urarmu ce ke ɗaukar nauyinsa ba. Wanda ya tambayi ChatGPT wani abu, ana yin lissafin ne a manyan cibiyoyin kwamfutoci masu aiki da kayan Nvidia, wayarsa kuwa amsa kawai take karɓa. Idan Chrome ya soma jan ƙafa, galibi ram ce ta cika ko sabis ya yi rauni, kuma tsohon laftof da aka sauya wa faifan ajiya da SSD, wato ma'ajiya mai sauri, yakan farfaɗo ba tare da an taɓa furosesarsa ba. Shi ya sa mai sayen Tecno ko itel a Farm Centre ta Kano yake tambayar ram da batir da kyamara, da wuya ka ji ya tambayi sunan furosesa.

Ban wanke masu rubuta manhaja ba. Tun 1995 masanin kwamfuta Niklaus Wirth ya koka cewa manhajoji suna ƙara nauyi fiye da yadda injina ke ƙara sauri, kuma fitowar Facebook Lite a 2015 ta nuna cewa ana iya rage nauyin idan an ga dama.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne Windows 11. Da Microsoft ya fitar da ita a 2021, ya gindaya sharaɗin TPM 2.0 (wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta) da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, sannan ya janye tallafin Windows 10 a Oktoban 2025. Dalilin tsaro da ya bayar yana da ƙamshin gaskiya, amma laftof ɗin 2016 da ke buɗe Word da YouTube lafiya lau, wanda sharuɗɗan suka bari a baya, bai gaza komai ba, kuma irinsa ne ɗalibanmu suka fi iya saya a hannun 'yan gwanjo.