Baƙar tuta a filin tseren Ingila da wasan motar da ake yi mana a Katsina

Akwai wani filin tseren mota da ake kira Oulton Park a yankin Cheshire, tafiyar kimanin awa guda daga Manchesta inda nake zaune, kuma a can na ga wani dattijo ma'aikacin fili ya ɗaga wa wani matashi baƙar tuta. Matashin yana cikin BMW M3 ne, wadda kuɗinta zai sayi tsohuwar Golf GTI ɗina har ya yi saura mai yawa. Laifinsa shi ne ya riƙa sa bayan motar yana zamewa da gangan a kan kwana, tayoyi suna hayaƙi, bayan an riga an ja masa kunne, wato ainihin abin da ake yi wa tafi da shewa a gida. Ya rage gudu ya fito, aka yi masa magana a hankali, aka yanke ɗan zoben takardar da ke hannunsa wanda shi ne izinin shiga, ya kwashe kayansa ya tafi. Bai kira kowa a waya ba, bai kuma tambayi dattijon ko ya san ɗan gidan wane ne shi ba.

Ranar ba ta gasa ba ce. Rana ce da ake buɗe filin ga duk mai lasisin tuƙi ya biya kuɗi ya shiga da motar da yake zuwa aiki da ita, ya gwada ƙarfinta a inda babu mai tafiya a ƙasa kuma babu motar da ke tahowa daga gaba. Tun da sanyin safiya ake fara rajista, a duba lasisi, a sa na'ura kusa da bakin salansa a auna ƙarar motar, domin kowane fili yana da iyakar ƙarar da ba a wucewa saboda ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi. Daga nan sai a tara kowa a ɗaki guda, sabon shiga da tsohon hannu, a karanta masu dokoki: dole a sa hular kwano, ba a wuce mota sai ta gefen hagu kuma a miƙaƙƙiyar hanya bayan na gaba ya ba da wuri, ba a auna lokacin zagaye domin kada abin ya rikiɗe ya koma tsere. Tuta rawaya tana nufin akwai haɗari a gaba, ja tana nufin kowa ya sassauta ya fito, baƙa kuwa mutum ɗaya take kira. Kafin a saki kowa, sai an bi motar jagora a hankali an zagaya filin, wanda tsawonsa ya ɗan haura kilomita 4, domin a san inda kowace kwana take. A gefe kuma motar asibiti da janwe suna jira, kwanonin masu haɗari an shimfiɗa masu tsakuwa an jera tayoyi.

Abin da ya fi ba sabon shiga mamaki shi ne ƙarfin inji ba shi ne abin damuwa ba. Birki ne yake fara gajiya, domin man birkin da ya daɗe yana shan danshi, idan ya yi zafi sai ya tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse babu abin da ya kama, shi ya sa ake canza shi kafin a zo. Iskar taya tana ƙaruwa idan tayar ta ɗauki zafi, don haka ana aunawa ana ragewa. Ana yin 'yan mintuna a fito, zagayen ƙarshe a yi shi a hankali domin ƙarfe ya huce, kuma ba a ja birkin hannu idan an tsaya. Inshorar da ake hawa titi da ita galibi ba ta biyan ɓarnar da ta faru a fili, sai dai a sayi ta ranar daban. Mai hankali yakan biya malamin tuƙi ya zauna a gefensa, kuma na sha ganin ƙaramar Mazda MX-5 a hannun wanda ya koya tana matsa wa manyan motoci lamba.

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. Yana cin kuɗi, ga taya ga mai ga kuɗin shiga, kuma wuri ne mai sanyi ta kowace fuska: babu kalangu, babu maroƙi, kowa yana tsugune gaban motarsa da kofin shayi, in ka yi abin kirki ba wanda zai ɗaga maka hannu. Sai dai da yamma kowa yakan koma gidansa, wanda kuma motarsa ta bugu, shi da aljihunsa ne, bai haɗa da ɗan talla ko almajirin da ya tsaya kallo ba.

Ba sai na bayyana wa Bakatsine yadda ake wasan mota ranar ɗaurin aure ko bayan an sauko daga idi ba, haka kuma kowa ya san yadda ake taka mota a hanyar Katsina zuwa Daura. Abin da ke ƙona mini rai shi ne idan Bature ya ga bidiyon irin wannan wasa sai ya ɗauka mu mutane ne da ba su san tsari ba, alhali ba daga gare su za mu fara koyon yadda ake ware wa gudu fili ba. Garin da Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya kafa wa wasan folo gindi, garin da ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kan doki har a wajen ƙasa, bai kamata a ce 'ya'yansa sun rasa inda za su yi gudu sai tsakiyar jama'a ba. Sukuwa tana da filinta, folo yana da alƙalinsa, jahin da ake kaiwa a gaban Ƙofar Soro yana da lokacinsa da jerinsa, kuma yaro ba ya hawa babban doki sai ya daɗe a hannun wanda ya iya. Da doki ya koma mota sai muka karɓi gudun muka bar ladabin.

Za a ce ai babu kuɗin gina irin wannan fili. Filin Silverstone na Ingila, inda aka yi tseren farko na gasar Formula 1 ta duniya a 1950, tsohon filin jiragen yaƙi ne, kuma da aka fara tsere a cikinsa a 1948 da dammunan ciyawa da gangunan mai aka shata hanya. Fili ba ya yi mana wuya, bakanikai ƙwararru muna da su, jami'an hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, suna nan. Wuyar tana wajen samun mutumin da zai ce wa ɗan mai kuɗi ya fito daga mota, ya fito ɗin, kuma washegari ba a kori mai maganar daga aikinsa ba.

Shi ya sa nake ganin idan za a yi, a hannun masarauta da dattawan filin folo ya kamata a damƙa shi, domin har yanzu na san ɗan sarki ma ba ya tsallake jerin hawa idan dogari ya tare shi. Iyayen da suke saya wa yaro ɗan shekara 19 mota mai ƙarfin doki 400, sannan su bi bayansa zuwa caji ofis su karɓo makulli, su ya kamata a fara kira zaman farko, kuma daga aljihunsu ya dace kuɗin kwalta da na motar asibiti su fito.